Muryata a Wayar Mama

"Cire shi za ka yi, ka bar yaro da kuskurensa?" in ji Madam Hulda. "To me ya rage a wasan? Akuya da ruwa?"

"Madam, ban ce a bar shi da kuskure ba. Cewa na yi yara suna gudu." Zubair ya juya mata fuskar kwamfutar. "Duba nan. Cikin yara ɗari da suka fara, saba'in sun tsaya a mataki na biyu. Ba su dawo ba."

"Ragwaye ne."

"Saba'in ɗin duka?"

"Zubairu, shekara ashirin da shida na yi ina koyarwa kafin in buga littafi ko ɗaya. Ka san abin da ke gyara yaro?" Ta zaro jan biro daga gashinta ta ɗaga. "Wannan."

"A takarda, Madam. A takarda daga ke sai shi. Waya kuwa a tsakar gida ake kunna ta, kowa na ji, har kaji."

Ina zaune a kusurwa ina fiƙe fensir. A kan muryata suke faɗan.

Madaba'ar Ƙwarya ɗaki biyu ce a saman shagon siminti, kan hanyar tashar jirgin Kafanchan. Madam Hulda ce mai ita. Littattafan yara take bugawa, na Hausa da na Turanci, irin masu manyan baƙaƙe da hoto a kowane shafi. Da ta ga yara sun fi riƙe waya da riƙe littafi, sai ta ce to, za ta bi su can. Ta ɗauko Zubair, ɗan Alhajin da ke sayen citta a kasuwa, wanda ya karanta kwamfuta a Zariya ya dawo gida yana gyaran wayoyi. Ni kuma dama ina nan. Na gama sakandare shekara uku da suka wuce, na zauna jarrabawar shiga jami'a sau biyu, ba labari. Madam ta gan ni wata Lahadi ina zana fuskar mai wa'azi a bayan takardar sanarwa. Ba ta tsawata mini ba. Ta ce hancin ya yi tsawo, in zo ofis ran Litinin.

Wasan ba shi da wuya. Akuya ce za ta haye rafi a kan duwatsu. Kowane dutse da gaɓar kalma a kansa. Yaro ya taɓa duwatsun a jere, kalma ta haɗu, akuya ta haye. In ya kuskure, akuya ta faɗa ruwa, allon ya yi ja, murya ta ce, "Ba daidai ba!"

Ni na zana akuyar. Ni na yi muryar. A ɗakin ajiya muka ɗauka, tsakanin kwalayen littattafai, da bargo a kaina saboda ƙarar 'yan acaɓa. Na faɗa sau ɗaya, Madam ta ce, "Yafet, ba roƙo na aike ka ba. Da ƙarfi, kamar hedimasta." Na faɗa kamar hedimasta. Ta ji daɗi.

Ba mugunta ba ce. Haka aikinta yake. Akwai shekarar da ta ga kuskure ɗaya a shafi na tara bayan an riga an buga kwafi dubu biyu. Muka kwashe mako guda muna manna 'yar takarda a kan wurin, kwafi bayan kwafi. A wurinta kuskure abu ne da ake nuna shi da yatsa, a kashe shi nan take.

Abin da su biyun ba su sani ba shi ne abin da na gani jiya.

Mamata, Paulina, 'yar ƙauyen Madakiya ce. Citta take yankawa ta shanya ta kai kasuwa. Aji biyu ta yi a firamare aka cire ta zuwa gona. Ta san baƙaƙe ɗaya-ɗaya, haɗa su ne ba ta iya ba. Ba ta taɓa faɗa ba. Tana da gidan tabarau, baƙi, da take ɗauka ko'ina. In takarda ta zo, sai ta laluba jaka, ta buɗe gidan kaɗan, ta ce, "Kai, na bar tabarau a gida. Yafet, karanta mini." Allura da zare ne a ciki. Ina shekara tara na buɗe na gani, lokacin Baba bai daɗe da rasuwa ba. Na rufe na mayar inda yake. Tun daga ranar nake karanta mata, ita kuma tana haddacewa. Waƙoƙin littafin coci duka suna kanta, har lambar shafi. Tana buɗe littafin daidai inda ya kamata, ba wanda zai ce ba karantawa take yi ba.

Shekara ashirin da biyu tana Zumuntar Mata, ƙungiyar matan cocinmu. Nan ne rayuwarta. Zanen Zumunta a ƙasan akwati take ajiye shi, a guge.

Bana suka zaɓe ta ta yi karatun nassi ranar rufe makon Zumunta, a watan Nuwamba. Girma ne. Amma a cocinmu baƙon mai wa'azi ne ke zuwa da nassinsa, da safen nan yake miƙa 'yar takarda ga mai karatu. Ba abin da za a haddace. Da ta dawo gida ranar da aka zaɓe ta, ta ce, "Nuwamba ai lokacin haƙar citta ne. Ina jin Madakiya zan koma in zauna." Na san idan ta tafi saboda wannan, ba za ta sake ɗaura zanen nan ba.

Watan Yuni muke lokacin. Na sa mata wasan a waya da sunan gwaji, don Madam ta ce kowa ya sa a wayar gidansu.

Jiya da la'asar na koma gida ɗaukar caja. Gidan haya ne, ɗaki shida, tsakar gida ɗaya. Ina zaure na ji muryata daga waya.

"Ba daidai ba!"

Na tsaya. Ta bayan katanga ina hango ta. Tana kan kujera 'yar tsugune, faifan citta a gabanta, wuƙa a ƙasa, wayar a hannu biyu. Ta kai yatsa a hankali kamar mai taɓa wuta.

"Ba daidai ba!"

'Ya'yan Anti Emilia, maƙwabciyarmu, suka sheƙe da dariya daga ƙofarsu. Babbar ta ce, "Wa ke faɗuwa a matakin farko? Ko ƙaninmu Juniya ya wuce nan!"

Anti Emilia ta leƙo. "Maman Yafet, ke ce da wasan yara?"

Mama ta yi dariya. Na san irin dariyar. "Hannuna ne ya taɓa. Wannan waya ba ya jin magana." Ta tura ta ƙarƙashin faifai.

Na fita ban ɗauki cajar ba. Da na dawo, ta zuba mini tuwo ta ce, "Ka cire abin nan naku. Yana cin caji." Na cire.

Shi ya sa yau nake fiƙe fensirin da ba ya bukatar fiƙewa.

"Kai, mai murya," in ji Madam. "Ka yi shiru kamar an aiko ka gaisuwar mutuwa. Me ka ce?"

"Yau Alhamis," na ce.

"Na san ranar."

"Akwai koyon waƙa ƙarfe huɗu. Mu je da Zubair."

"Ni za ka kai Zumunta? Kafin a haife ka nake ciki."

"Kina ciki, Madam. Ba ki taɓa tsayawa a waje ba."

Ta dube ni ta saman tabaranta. Nata na gaske ne. Zubair ya rufe kwamfuta ya ce shi dai in akwai inuwa zai je.

Akwai inuwa. Muka tsaya ƙarƙashin mangwaron da ke jikin tagar coci. Mata kusan talatin a ciki, tulu biyu na bugawa, caki na amsawa. Mama na layi na biyu da nata cakin. Sabuwar waƙa suke koyo. Mama Rachael, mai ba da waƙa, ta rera layi, mata suka amsa. Ta rera na biyu, suka amsa. A na uku wata tsohuwa a gefe ta ɓata, ta shiga da kalmomin layin farko, da ƙarfi kuma.

Ba wadda ta waiwaya. Tulu bai tsaya ba. Mama Rachael ba ta ko dubi tsohuwar ba. Ta dai taka zuwa wajen da take, kamar rawa ce ta kai ta, ta sake rera layin nan, a hankali. Mata suka amsa. Tsohuwar ta kama rabi. Aka sake. Ta kama duka. Sannan aka wuce layi na huɗu.

"Kin gani?" na ce.

"Na ga me? Mama Asabe ce, kullum haka take."

"An ce mata ba daidai ba?"

Madam ta gyara zaman tabaranta.

Zubair ya ce, "Wallahi haka malamarmu ta Islamiyya take biya mana. In ka ɓata, sai ta sake faɗa, ka bi ta. Wanda ke daka mana tsawa, har yau ban riƙe komai nasa ba sai sunan bulalarsa."

"Waƙa daban, karatu daban," in ji Madam.

"Matan nan waƙa nawa suka iya?" na ce.

Ta fi ni sanin amsar. Sun fi ɗari uku.

Ta daɗe tana kallon cikin tagar. Can ta ce, "Amma ba su wuce layin ba sai da ta kama."

"Ba su wuce ba."

"To akuyar ma ba za ta haye ba sai an yi daidai. Wannan ba zan sassauta ba, ko ku biyu za ku yi kuka."

"Mun yarda," in ji Zubair da sauri.

"Yafet. Wane yaro ne ya sa ka wannan tunanin?"

"Wani ne a gidanmu."

Ta mayar da ido taga. Ban san wa take kallo ba, ban kuma bi idonta ba. Ta mayar da jan biron cikin gashinta ta ce, "Mu tafi, sauro ya fara."

Mako biyu muka yi a kai. Na sake zana akuyar. Yanzu in an kuskure ba ta faɗawa ruwa, tsayawa take a kan dutsenta ta ɗan ci ciyawa. Allon ba ya yin ja. Murya kawai ke sake faɗin kalmar, gaɓa-gaɓa, ta yi shiru ta jira. In an sake kuskurewa, ta sake faɗa, ba ƙari ba ragi. Kalma ɗari huɗu na ɗauka a ƙarƙashin bargon nan, ga zafi. Madam na tsaye a ƙofa. Wannan karon cewa take, "Sassauta. Kamar kana ba mara lafiya kunu."

Ita ta rubuta jerin kalmomin. Da na karɓa na ga ta ƙara wasu da babu su a littattafan yara. Citta, mudu, buhu, kasuwa. Sai alheri, salama, jinƙai, madawwami. Na ɗaga kai.

"Yaran yanzu ba sa zuwa kasuwa da coci ne?" ta ce, ta koma ofishinta.

Ranar da muka gama, Zubair ya jefo mini abin sauraro na sawa a kunne, sabo a leda. "Na shagonmu ne. Ka kai wa yaron gidanku. Ya daina damun maƙwabta."

Na mayar da wasan a wayar Mama. Na ce an gyara, ba ya cin caji, ba ya ihu, Madam ce ta ce a bar shi a wayar kawai. Na ajiye abin kunnen a kan akwatinta ban ce komai a kai ba. Ta ce, "To."

Kwana tara ba ta taɓa ba. Na sani don Zubair yana ganin wayoyin da ke wasa, ba suna, lamba kawai. Kowace safiya sai in wuce ta bayan kujerarsa kamar ina neman wani abu. A rana ta goma ya ce, "Zo ka ga wani." Lamba ɗaya ta maimaita matakin farko sau arba'in da ɗaya. Sannan ta haye.

"Wannan yaron akwai naci," in ji Zubair. Bai dube ni ba.

Damina ta yi ƙarfi, citta ta rufe gonaki. In na dawo da yamma sai in tarar da Mama a bayan ɗaki, ɗankwali ya sauko ya rufe kunnuwa, siririyar waya ta bi ta cikin riga. Leɓunanta na motsi. In ta ji takuna sai ta ɗauki wuƙa. Ni kuma na koyi yin tari tun daga zaure.

A Agusta Madam ta ba ni littattafai shida a leda, daga na aji ɗaya zuwa na aji uku. "Kwalin ya jiƙe, ba za su sayu ba. Ka kai wa yaron." Ba alamar ruwa a jikinsu. Na sa su ƙarƙashin akwatin Mama. Suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya suna dawowa da ƙamshin citta.

Yaran da suka guje wa wasan ma sun dawo. Zubair ya nuna wa Madam, ta ce ai dama ta san kalmominta masu kyau ne. Wata makaranta a Jere ta aiko tana so. Ban damu da wannan sosai ba. Lamba ɗaya nake bi.

A Oktoba muna tafiya kasuwa, Mama ta tsaya gaban wata mota, ta daɗe tana kallon rubutun da ke bayanta. Ta ce, "Hm." Muka wuce. Ba ta sake maganar Madakiya ba, amma ba ta ce ta fasa ba. Har ranar Asabar ta ƙarshe jakar tafiyarta na bakin ƙofa, a ɗaure. Zanen Zumunta kuma na kan gado, a guge. Na kalli jakar, na kalli zanen. Ban tambaya ba.

Da safe ta ɗaura zanen.

Coci ya cika har waje. Na zauna a baya. Baƙon mai wa'azi ya miƙa wa Mama Rachael 'yar takarda, ita kuma ta miƙa wa Mama. Na ga Mama ta kalli takardar. Lambobi ba su taɓa ba ta wuya ba, ta buɗe littafin ta sami wurin. Ta hau gaba. Hannunta ya shiga jaka da kansa, ya fito da gidan tabarau. Ta riƙe shi, ta dube shi, ta ajiye shi a kan teburin a rufe.

Ta sa yatsa a layi ta fara.

A hankali take yi. Kalma, shiru, kalma. Wani yaro ya yi kuka aka fita da shi. Aya ta farko ta wuce. Ta biyu ta wuce. A ta uku ta iso wata doguwar kalma, sunan wani gari ne, ba ya cikin ɗari huɗun da na ɗauka. Ta kama gaɓar farko ta saki. Ta sake kamawa ta saki. Fankar sama kaɗai ake ji. Na ga mai wa'azin ya gyara zama zai buɗe baki.

Daga bencin Zumunta wata murya ta faɗi kalmar. Ƙasa-ƙasa, gaɓa-gaɓa, sannan ta yi shiru. Madam Hulda ce. Idonta na kan nata littafin, kamar da kanta take magana. Matan da ke gefenta suka yi "mm", irin wanda suke yi kafin amshi.

Mama ta maimaita. Ta kama rabi. Madam ta sake faɗa, ba ƙari ba ragi. Mama ta kama duka, ta wuce.

Aya shida ce. Ta kai ƙarshe. Jama'a suka ce amin, tulu ya ɗauka, aka shiga waƙa. A wurin yawancinsu ba abin da ya faru, wata mata ce ta yi karatu a hankali. Ni na fita na tsaya ƙarƙashin mangwaro har fuskata ta bushe.

Bayan an tashi na sami Madam tana naɗe littafinta a gyale.

"Madam," na ce. "Na..."

"Shafi na huɗu na sabon littafin," ta ce. "Akuyarka ƙafa biyar gare ta. Gobe ka zo da wuri."

"To, Madam."

"Ka gai da yaron."

Na tura wa Zubair saƙo, kalma biyu: ta haye. Ya mayar mini da hoton akuyar da na zana, da tambayar ko akwai shinkafar biki.

Ni da Mama muka bi ta layin dogo zuwa gida, yadda muke bi da Baba lokacin yana aiki a tasha. Ciyawa ta cinye rabin ƙarfen. Tana gaba, ina baya riƙe da cakinta. Muka wuce tsohon tankin ruwa.

"Muryar nan ta biyu," ta ce, ba ta juyo ba. "Ya fi na farko."

"Madam ce ta ce a canza."

"Madam." Ta ɗan yi tafiya. "Allah ya saka mata. Da yaron Alhaji."

"Amin."

Ta tsaya. Ta buɗe jaka ta ciro gidan tabarau, ta buɗe shi gaba ɗaya a gabana, karo na farko. Allura biyu, baƙin zare, maɓalli ɗaya na tsohuwar rigar makarantata. Ta juye su a tafin hannu ta ƙulle a bakin zane. Ta miƙo mini gidan.

"Ka sa fensir ɗinka a ciki."

Na karɓa. Ba ta saki ba. Muna riƙe da shi mu biyu a tsakiyar layin dogo, tana kallon fuskata yadda ta kalli takardar nan da safe.

"Yafet," ta ce. "Tun yaushe ka sani?"